Tourist History ko Beacon? Amsa ga ƙaninmu mai kuɗin faifai ɗaya

Ƙanina, kai da ka ce kuɗin faifai ɗaya gare ka na ƙungiyar mawaƙan nan Two Door Cinema Club kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Tourist History da Beacon, sayi Tourist History kawai, kada ka tsaya dogon tunani. Duka biyun ina da su a CD, ɗaya har kwalinsa ya tsage na ɗaure da salatif saboda yawan fita da shiga mota, ɗayan kuma yana nan fes kamar jiya aka sayo shi don ba ya fitowa daga durowa.

Abin da ya sa nake ta nacewa a kan na farkon shi ne a cikinsa ne za ka ji yadda yaran nan suka taso. Su uku ne, Alex Trimble mai waƙa da jita da fiyano, Sam Halliday mai babbar jita, sai Kevin Baird mai bes, wato jita mai kaurin sauti, shi ma yana taɓa fiyano. 'Yan yankin Bangor ne a Ireland ta Arewa, wani gari a bakin teku kusa da Belfast, kuma lura da kyau, ɓangaren da ke ƙarƙashin Birtaniya ne ba wanda Dublin ke mulki ba, mutane suna yawan haɗa su. Tun a makarantar sakandare suka san juna, da farko ma su huɗu ne da mai ganga a wata ƙungiya da suka sa wa suna Life Without Rory, har suka shiga gasar makaɗa 'yan makaranta ta talabijin ɗin BBC a can yankinsu suka zo na ƙarshe. Na ƙarshe fa. Daga baya mai gangar ya bar su, to a 2007 sai ukun suka sake haɗuwa da sabon suna, kuma maimakon su zauna jiran wani mai ganga sai suka ce kwamfuta ta buga musu. Wannan shawarar ita ce ta haifar da sautin nasu gaba ɗaya, bugun yana tafiya cak cak ba ya lanƙwasa ba ya jiran kowa, dole jitar Halliday ta riƙa gudu a sama da ƙananan sautuka masu kaifi tana cike gurbi, fiyanon lantarki kuma yana ta ƙyalƙyali a tsakani. Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo a Kano ya ga yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta ya haɗa kiɗan da za ka rantse mutum biyar ne suka buga, ya san abin da nake nufi.

Suka zuba waƙoƙinsu a shafin sada zumunta na MySpace, lokacin shi ne yayi, mutane suka fara yaɗawa, su kuma suka ajiye maganar jami'a alhali sun samu gurbi, suka shiga mota suna bin ƙananan wuraren wasa. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara 18 ya je ya gaya wa iyayensa haka. Sun fara fitar da ɗan ƙaramin faifai mai suna Four Words to Stand On, sannan wani kamfanin Faransa mai suna Kitsuné, wanda yake harkar waƙa da ta tufafi a haɗe, ya ɗauke su. Ba kamfanin Landan ba, ba na Dublin ba, na Faris. A 2009 suka shiga situdiyon Eastcote a Landan da furodusa Eliot James, Philippe Zdar na ƙungiyar Cassius ya gyara sautin wasu daga cikin waƙoƙin, albam ɗin ya fito farkon 2010. Waƙa 10 ne kacal, minti talatin da 'yan kai, babu wadda aka saka don cike wuri, kafin ka ankara ya ƙare ka sake maido shi farko.

Ni yadda ya zo hannuna, lokacin ina karatu a Belfast ina ɗan aikin dare a wani sito muna jera kaya, akwai wata mata 'yar Bangor da muke aiki tare, ta kusa haihuwata, kullum idan dare ya raba jiki ya mutu sai ta kunna shi a 'yar rediyon CD da ke kan firji a ɗakin shan shayi. Ni da ban san su ba sai na tsinci kaina ina jera kwalaye daidai da bugun. Tana magana a kansu kamar 'ya'yan maƙwabta, "yaranmu" take ce musu, kuma a bakinta na fara jin labarin gasar da suka zo na ƙarshe, tana faɗa tana dariya tana alfahari. Ranar da zan bar aikin ta ciro faifan daga rediyon ta sa a kwalinsa mai hoton kyanwa ta miƙo min, ta ce in tafi da shi gida in ji da shi. Allah ya saka mata da alheri. Saboda ita na hau jirgin ƙasa daga Belfast zuwa Bangor, tafiyar kamar rabin awa ce ta gefen ruwa, na ga garin, shiru, iska mai sanyi, jiragen ruwa ƙanana a ɗaure, tsofaffi suna yawo da karnuka, sai na gane dalilin da ya sa kiɗan yaran yake da gaggawa haka kamar wanda ake kora. Matashi a irin wannan gari so yake ya fita ya ga duniya, kuma ana jin wannan a kowace waƙa.

Albam ɗin nan shi ya ci Choice Music Prize, kyautar albam mafi kyau na Ireland na shekarar 2010, kuma kuɗin kyautar Yuro 10,000 ba su ci ba, sadaka suka bayar. Waƙarsu da ta fi kowacce yawo a duniya har yau, What You Know, a ciki take.

Beacon kuma toh, ba laifi. A 2012 ya fito, a Los Angeles aka yi shi da furodusa Jacknife Lee, ya hau na ɗaya a Ireland na biyu a Birtaniya, shekarar ce ma Trimble ya yi waƙa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan, amma an goge sautin ya yi sumul har zafin nan ya ragu, kuɗin da na ba da a kansa har yau yana min ciwo. Hoton bangonsa ma ba wanda za ka bari a falo gaban su Hajiya da yara ba ne.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa a intanet wallahi. Akwai masu kwafa a kwamfuta su buga hoton bango a shagon fotokwafi su naɗe da leda su ce maka orijinal ne daga Landan. Ka ce a juya maka bayan faifan a bidiyo, na kamfani azurfa ne tas kuma akwai ƙananan lambobi a zoben tsakiya, na kwafi sau da yawa za ka ga yana ɗaukar kore ko shuɗi-shuɗi. Ka duba sunan Kitsuné a bayan kwali, in bugun Amurka ne za ka ga Glassnote, kuma rubutun ya fito sarai ba dishi-dishi ba. In faifan garmaho kake nema, a ɗora shi a kan tebur a nuna maka ya kwanta daidai, don zafin rana yana lanƙwasa shi a hanya kuma mai kaya ba zai gaya maka ba. Wanda ya ce maka nasa da sa hannun mawaƙan a jiki don haka ka ƙara kuɗi, rabu da shi, biro kowa yana da shi. Ni akwai wanda ya taɓa karɓar kuɗina a kan wani faifan daban, ya turo hoton rasit na aike, daga nan lambarsa ta daina shiga. Kada ka tura ko sisi sai ka ga kaya, ko ka samu wani naka a garin ya je ya karɓa hannu da hannu.

Akwai bugu na musamman mai faifai biyu, na biyun yawanci waƙoƙin ne da wasu suka sake haɗa kiɗansu, in an tsawwala kuɗi a kansa bar shi, mai waƙa 10 ɗin ya ishe ka. In ya iso ka saurare shi a jere daga farko, kada ka tsallake, ka kasa kunne wajen bes ɗin Baird musamman, sannan ka dawo ka ba mu labari.