Kano zuwa Jidda ko Kano zuwa Madina: wanne ya fi sauƙi ga tsohuwa?

Ɗan'uwa, ka ce za ka kai Hajiya Umara, kana so ka san wanne ya fi kusa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Jidda ko Madina, da awa nawa ake yi a sama.

A sama dai bambancin ba shi da yawa. Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne idan an miƙe, Madina kuma wajen 3,550. Wannan 'yar tazarar minti 15 ma ba za ta ci ba a jirgi. Da can ana yin tafiyar cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, lokaci ya ƙaru, har kuɗin jirgin jigilar alhazan shekarar sai da ya tashi. Don haka ka tambayi mai yankar maka tikiti ta ina jirgin ke bi. Kada kuma agogo ya ruɗe ka: Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, lokacin sauka da ke jikin tikiti nasu ne.

A ƙasa ne maganar take. Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa Makka bai wuce kilomita 100 ba, abin da ke jan mutane ke nan. Sai dai mai wucewa Makka kai tsaye dole ya ɗauki harami tun kafin jirgi ya gota miƙati. Ka ga kai kanka kana fama da zanen harami a matsattsen banɗakin jirgi, ko ka ɗaura shi tun daga Kano, ga layin duba fasfo, ga jiran jaka, ga mota, sannan ɗawafi da sa'ayi. Tsohuwar da ta kwana zaune, ƙafafu sun kumbura, wannan ba ƙaramin aiki ba ne gare ta.

Madina kuwa ana sauka da kayan gida. Daga filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz zuwa masallacin Annabi (SAW) tafiyar wajen rabin awa ce. Ta huta, ta yi ziyara, ranar tafiya Makka ta yi wanka a masauki a natse, a ɗauki niyya a Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Akwai kilomita 450 a gaba, gaskiya ne, amma jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye su cikin kusan awa biyu da rabi.

Da ni ne, Madina zan sauka da ita, mu dawo ta Jidda. Ka dai tabbatar jirgin kai tsaye ne, domin masu yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa sukan cinye wa mutum yini guda. Allah ya karɓi ibada, a gaida Hajiya.