Inci 10 a tsakar gida ko inci 5 a bayan gari

Ƙanena, ka yi haƙuri sai yanzu na samu zama. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana da ƙaramin teliskof mai madubi milimita 130, wato kusan inci 5, kana kallo daga tsakar gidanku a nan Jos, nebular Orion (nebula gajimaren iska da ƙura ne a sararin samaniya) ta fito maka amma nebulolin Veil da Helix ka neme su har ka gaji, shi ne kake tunanin ko ka tara kuɗi ka sayi Dobsoniyan, wato babban teliskof mai madubi da ke zama kan gindi a ƙasa, mai inci 10, ko kuwa ka riƙe naka ka riƙa fita bayan gari. Ni dai na gwada duka biyun, kuma a kan waɗannan da ka ambata, fita bayan gari ya fi, nesa ba kusa ba.

Inci 10 kusan milimita 250 ne, yana tara haske kusan ninki 3.7 na naka, wannan gaskiya ne ba wanda zai musa. Amma madubi bai san bambancin hasken nebula da hasken gari ba, duk abin da ya faɗo masa tarawa yake. Fitulun sola na kan titi, na gidajen mai, na maƙwabcin da ya kunna janareta, duk suna hawa sama ƙura ta watsa su, sararin ya koma fari-fari kamar kunun da aka tsinka. To ita nebula irin su Veil matsalarta ba ƙanƙanta ba ce, faɗinta ya kai digiri 3, wato kamar ka jera wata shida, haskenta ne ya bazu ya yi siriri ƙwarai. Abin da zai sa ka gan ta shi ne bayanta ya fi ta duhu. In sararin ya fi ta haske sosai, ko inci 20 ka kawo, ka ƙara girman abin da ba ya ganuwa ne kawai. Kuma wani abu da mutane ba sa yarda da shi sai sun gwada, babu teliskof da ke ƙara wa fuskar nebula haske fiye da yadda ido ke ganinta, girma yake ƙara mata har ido ya iya kama ta.

Akwai ma'aunin duhun sama da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9, 1 shi ne duhu na ƙarshe, 9 tsakiyar babban birni. Ba sai ka sayi na'urar awo ba. Daren da babu wata ka ɗaga kai, in kana ganin farin zanen taurarin nan da ake kira Milki We ya ratsa sama har da baƙaƙen tsagu a cikinsa, wurin ya yi. In ba ka ganinsa sam, kar ka wahalar da kanka da Helix a wurin.

Ni ranar da abin ya shige ni, ƙarshen Oktoba ne, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, na je ƙauyen wani abokina ta wajen Pankshin da irin naka sak, 130 mai tsawon haske (nisan madubi zuwa inda yake tara haske) milimita 650. Na sa gilashin ido na milimita 25, ya ba ni girma sau 26, na ɗaura filtar OIII, wato gilashin tace haske da ke barin hasken oksijin na nebula kawai ya wuce, na nufi tauraron 52 Cygni. Wallahi sai ga Veil kamar an ja zaren hayaƙi ta jikin tauraron, na matsa gabas kaɗan sai ga ɗaya ɓangaren, NGC 6992, ya lanƙwasa kamar lauje. Abin da na yi shekara ina nema a gari da babban madubi ban samu ba. Na daɗe a tsaye ina tunanin cewa ragowar tauraro ne da ya fashe dubban shekaru da suka wuce, hasken ya yi tafiyar shekara wajen 2,400 kafin ya iso, kuma William Herschel ya gan ta tun 1784. Sai da na yi tasbihi. A daren ne kuma na kama Helix, kudu, zagayayyen toka mai faɗin kusan rabin wata, ita da take kusa da mu ma, haskenta tafiyar shekara wajen 650 yake yi kafin ya iso.

Ka ga a nan ƙaramin ma ya fi babban wani abu. Naka a girma 26 yana nuna maka fili kusan digiri 2, inci 10 da wannan gilashin dai zai ba ka girma 48, filin ya koma kusan digiri 1. Manyan nebuloli irin su North America da ke kusa da tauraron Deneb, ko Rosette, in filin ya matse ba za ka ga gefensu ba, kana cikinsu ba ka sani ba.

Amma kar na zalunci inci 10. Ƙananan nebuloli masu ƙarfin haske kamar M57 da M27, da duniyoyi, da dunƙulen taurari irin M13, a tsakar gidanka ma zai nuna maka su fiye da naka sosai. In kuma ka kai shi wurin duhu to magana ta ƙare, Veil za ta tashi daga zare guda ta koma zare-zare masu murɗewa. Nebular Horsehead kuwa, wadda Williamina Fleming ta gano a jikin hoto a 1888, ita duka biyun take so, babban madubi da duhu na gaske, sannan filtar H-beta mai barin hasken haidurojin ya wuce, ka kuma fitar da tauraron Alnitak daga filin don yana kashe ido. Da 130 kar ka sa rai da ita yanzu. Damuwata da babban ita ce nauyi, shi da gindinsa sun haura kilo 25, bututun ya fi mita guda, in ba ka da mota ba ya fita, kuma na san mutane da nasu ya zama abin rataye kaya a ɗaki.

Saboda haka in ni ne kai, kuɗin farko filta zan saya. Iskar oksijin da ke cikin waɗannan nebuloli tana ba da haske a wuri ɗaya matsattse, nanomita 496 da 501 a ma'aunin launin haske, OIII tana barin wannan ya wuce ta tare sauran. Wata filtar, UHC, ta ɗan fi buɗewa, tana haɗawa da hasken haidurojin na 486, taurari ba sa dushewa sosai, shi ya sa wasu suka fi son ta a ƙaramin madubi. Ni OIII na fi so a kan Veil da Helix. Ka dai sani ba ta aiki a kan galaksi, wato manyan tarin taurari masu nisa, ba ta aiki a kan hazon da ke jikin Kaza da 'Ya'yanta, don shi hasken taurari yake mayarwa. Filtar nan mai arha da ake cewa tana tare hasken gari, don fitulun sodiyam masu ruwan ɗorawa aka yi ta, fitilar LED ta yanzu a kowane launi take watsa haske, asarar kuɗi ce.

Sauran aikin na idonka ne. Ka ba shi minti 30 cikin duhu, waya ta shiga aljihu, kallo ɗaya ka yi mata ka koma farko. Tocila ja mai rauni kawai. Kar ka kalli abin kai tsaye, ka kalli gefensa kaɗan don ƙwayoyin ido masu gani a duhu a gefe suke, ka ɗan taɓa bututun ya motsa, ido ya fi kama abu mai motsi. Ka lulluɓe kanka da baƙin mayafi. Kuma ka cire jan launin hotunan intanet daga ranka, wannan aikin kyamara ne, da ido toka-toka za ka gani, sai Orion da kan ɗan yi kore.

Lokaci ma yana cikin lissafin. Jos muna sama da mita 1,200, wannan ni'ima ce, amma damina gajimare, hunturu ƙura, mafi kyawun dararenmu suna tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ka bi kwanan watan Musulunci, daga 25 zuwa 3 ko 4 ga sabon wata. Bayan isha'i Veil da Helix, tsakar dare Orion da Rosette. Nebular Carina kuma, wadda mutanen Ingila ba sa ganinta sam, mu tana ɗaga mana kusan digiri 20 a kudu, wajen Maris da Afrilu da dare in sama ta washe, kuma naka ya ishe ta.

Don Allah kar ka tafi dawa kai kaɗai da dare, ka san halin da ake ciki. Ka je inda kake da mutane, ka isa da rana, ka gaida mai unguwa, 'yan sintiri su san abin da ya kawo ka, ka kafa a bayan gida ko filin makaranta ka kwana can. A shingen jami'an tsaro ka buɗe bututun ka nuna musu da kanka tun kafin su tambaya. Ka ɗauki rigar sanyi biyu da safa, sanyin ƙarfe biyu na dare a Filato ka san shi. In Allah ya kai mu duhun watan Nuwamba zan koma, akwai wuri a mota, ka zo da naka ni zan kawo filtar.