Rumbun masara da ya koma gidan zane a Cape Town

Muna yara, in za a ɗebo hatsi, ni ake ɗagawa a zura ta bakin rumbu saboda na fi kowa ƙanƙanta. Ban sake shiga rumbu ba sai da aiki ya kai ni Cape Town a Afirka ta Kudu, wani abokin aiki ya ja ni zuwa Zeitz MOCAA, gidan baje kolin zane-zanen zamani na Afirka da ke bakin tashar jiragen ruwa ta V&A Waterfront.

Daga waje ginin ba shi da fara'a. Siminti ne tsagwaronsa, dogo, sai wasu tagogin gilashi a sama da suka kumburo kamar idon kwaɗo. A 1924 aka gama shi, tsayinsa mita 57, kuma ya daɗe yana riƙe da kambun gini mafi tsawo a Afirka kudu da Sahara. Jirgin ƙasa ne ke kawo masara daga gonakin cikin ƙasa, a juye a nan, a tantance, sannan a loda wa jiragen ruwa su fita da ita. A 2001 aka daina amfani da shi, ya zauna haka nan shekara da shekaru.

Sai ka shiga za ka gane abin da aka yi. Asali cikin ginin bututaye 42 ne na siminti a tsaye, manne da juna, babu ɗaki babu zaure. Masanin gine-ginen da aka ba aikin, Baturen Ingila Thomas Heatherwick, bai rushe su duka ba. Ƙwayar masara ɗaya aka ɗauka, aka faɗaɗa siffarta, aka yanke wannan siffa daga tsakiyar bututayen, kamar yadda ake fafe ƙwarya. Abin da ya rage wani makeken fili ne mai bakuna zagaye-zagaye, haske na saukowa daga can sama ta rufin gilashi. Na fi minti ashirin a tsaye, wuyana a ɗage, har abokin nawa ya ce, "Malam, ba fa mu fara kallon komai ba tukuna." A cikin wasu bututayen ne aka saka lif, wani kuma matakala mai murɗewa. In ka sauka ƙasa, ramukan da hatsi ke bi suna nan da tsofaffin ƙarafunansu.

Ɗakunan baje kolin kuwa farare ne tas, kusan 80, a hawa tara. An buɗe gidan a Satumbar 2017, kuma kayan farko sun fito ne daga tarin Jochen Zeitz, Bajamushen da ya taɓa shugabantar kamfanin kayan wasanni na Puma. Daga 2019 Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, ta jagoranci gidan har rasuwarta a 2025. Akwai hotuna, bidiyo, sassaƙa, da ayyukan da aka haɗa da tsumma, roba ko waya. Wasu sun tsayar da ni, musamman na saƙa da ɗinki, don hannu ya san wahalarsu. Wasu kuwa na karanta bayaninsu sau biyu na wuce ban fahimta ba, kuma ba na ɗora laifin a kan kowa, idona ne bai saba ba.

Gaskiyar magana, ginin ya fi burge ni a kan abin da ke rataye a cikinsa. Ina tsaye a wannan fili sai dalar gyadar Kano ta faɗo mini a rai. Ita ma jirgin ƙasa ke kwasarta zuwa bakin teku, amma da yake buhuna ne aka jera, da cinikin ya mutu ba ta bar ko bango ba, sai hotuna.

In za ka je, ka ware awa uku, ka sa takalmi mara nauyi. Fara daga ƙasa, ka taka matakalar ko hawa biyu ne kafin ka nemi lif. Saman hasumiyar otal ne, ba na aljihu irin nawa ba, amma daga hawa na shida ana hango Dutsen Tebur, babban dutsen Cape Town mai shimfiɗaɗɗen kai, da jiragen da ke shiga tasha. Can na zauna na sha shayi har ƙafafuna suka huce.