Shagon da ba ka cewa "a bani taki" kawai

Masu noman masara na wajen Giwa da Funtua, akwai wani shagon kayan noma a bakin kasuwar Giwa da nake so in yaba, don wallahi yadda suke sayar da taki ya burge ni sosai. In ka shiga kace a baka taki, dattijon dake shagon bazai taɓa buhu ba sai ya tambayeka, wane iri Alhaji, me ka shuka, kwana nawa da tsirowa?

Kuma gaskiyarsa ce. Taki ai suna ne mai faɗi, kashin shanu taki ne, na kaji taki ne, tokar murhu da sharar bola duk taki ne, na buhu ma da muke cewa takin zamani ba iri ɗaya bane. Kamfa ita ce NPK, wadda zakaga an rubuta 15-15-15 ko 20-10-10 a jikin buhu, sinadari uku ne a haɗe, naitirojin na ganye, fosfaras na saiwa, sai fotash mai ƙarfafa kara da tsaba. Yuriya kuwa, wannan fara tas ɗin irin ta Indorama ko ta Dangote, naitirojin ne zalla kashi 46 cikin ɗari, babu komai bayan shi. Shiyasa wanda ya zuba ma masara yuriya kaɗai tun farko zaiga gona tayi kore shar yana murna, ranar girbi kuma zangarniya ta bashi kunya.

Baban yana zama ya yi maka bayani ba gaggawa, kamfa a farko cikin sati biyu da shuka, yuriya in masara ta kai sati biyar zuwa shida, kuma a tona a binne ta gefen shuka lokacin da ƙasa ke da danshi don in ka watsa a sama rana da iska ne zasu cinye kuɗinka. A gabana wani yaro yazo sayen yuriya zai sa ma gyaɗa, ya hana shi, yace ɗana gyaɗa da wake da waken suya su suke samar ma kansu naitirojin, supa zaka saya, wato takin fosfaras. Supa ta fi araha fa, amma ita ya bashi.

Inda ban ji daɗi ba shine na awo. Suna buɗe buhun yuriya suna sayarwa a tiya, buhun na wuni a buɗe cikin damina, ita kuma tana jan danshi ta dunƙule. Dan Allah Baba a riƙa ɗaure baki. Farashinsu ma ya ɗan ɗara na cikin kasuwa kaɗan, sai dai buhunansu na kilo 50 da ɗinkin kamfani suke, banga alamar an farke an sake ɗinkewa ba. In zakaje ka tafi da tsabar kuɗi, POS ɗinsu yawanci ba netwok ranar kasuwa.