Ƙugi a sauti da bakin da ba ya bin murya: kayan aiki za ka saya ko manhaja?

Wani ɗan'uwanmu daga Marwa, a Kamaru, ya kawo tambaya. Ya ɗauki wa'azi mai tsawo da wayarsa, sautin kuma ya jawo shi daga miksar masallaci zuwa laftof. Da ya zauna tacewa sai ya ji ƙugi a ƙarƙashin muryar malam daga farko har ƙarshe, ga shi kuma idan bidiyon ya yi nisa, baki daban, magana daban. Yana da ɗan kuɗi a hannu. Rikoda da kebul zai saya, ko ya biya kuɗin manhajar da ake cewa tana wanke sauti?

Ƙanena, cuta biyu ka haɗa, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Ta baki da murya, manhaja ce maganinta, ko sefa ɗaya ba sai ka kashe ba. Ƙugin kuwa a kebul da wuta yake, can ya kamata kuɗinka ya tafi.

Mu fara da ƙugin, don shi ya fi cin rai. Wutar lantarki a Kamaru da Chadi, har da Najeriya, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan juyin ne yake kutsawa cikin sauti, shi ya sa za ka same shi a kan 50 Hz (Hz shi ne ma'aunin yawan juyi a daƙiƙa), da 'ya'yansa a 100, da 150, da 200. Galibi yana shiga ne idan miksa tana jone a soket ɗaya, laftof ko kyamara a wani soket ɗin daban, sannan kebul ɗin sauti ya haɗa su. Sai wuta ta sami wata hanya ta biyu ta bi, ta jikin kebul ɗin naka.

Manhaja tana iya rage shi, ba na musu. Audacity kyauta ce, tana da Notch Filter da ke yanke sautin da ke kan lambar Hz ɗaya tak. Manhajojin tace bidiyo DaVinci Resolve da Premiere duka suna da abin cire ƙugi. Sai dai ka duba lambar da ke ciki kafin ka danna, domin wasu suna zuwa a saite kan 60, wanda shi ne na wutar Amurka, ka ga a nan ba abin da zai kama. Ka mai da shi 50. Ka kuma yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, magana ba ta da wani abin kirki a can. Amma daga nan wahalar take farawa. Muryar namiji babba tana zaune ne tsakanin 85 da 180 Hz, wato daidai inda 100 da 150 suke. Duk yankan da ka yi wa ƙugin a wurin, ka yanki muryar malam, sai ta fito siririya kamar ta cikin tarho. In kuma ranar da janareta aka yi aikin, abin ya ƙara lalacewa: ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a kan 50, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ƙugin sai ya riƙa zamewa daga inda ka kafa masa tarko.

Manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira su ne suka fi jan hankalin matasa yanzu, kuma gaskiya suna share ƙara har mutum ya yi mamaki. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da su shi ne ba sharewa kawai suke yi ba, sake gina muryar suke yi bisa abin da suka saba ji. A kunnena, ƙ na Hausa, da ɗ da ɓ na Hausa da Fulatanci, sukan fito a murɗe, in kuma aka zo jan aya, gunna da madda sukan sha wahala. A bidiyon talla wannan ba komai. A karatun Alƙur'ani kuwa, ban yarda na'ura ta canza wa alaramma harafi ba, ko da sautin zai fito fes.

Yanzu dubi ɓangaren kayan aiki. Gwajin farko ba ya cin kuɗi: sa hedifon a kunne, zare cajar laftof ɗin, bar shi a kan batir. In ƙugin ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Daga nan zaɓi uku ne. Ka jona miksa da kayanka duka a soket ɗaya. Ko ka sayi ƙaramin akwatin DI, wanda ke toshe wa wuta waccan hanya ta biyu, ko abin raba layin sauti mai taransifoma a ciki, ka sa shi tsakanin miksa da na'urarka. Ko kuma ka fita harkar wutar gaba ɗaya, ka ɗauki sauti da rikoda mai batir irin su Zoom H1n. Kebul ma yana da nasa laifin. Mai kan XLR, mai ƙafa uku, yana ɗauko sautin ta waya biyu ta yadda ƙarar da ta shiga a hanya take kashe kanta, shi ya sa yake tafiyar mita da yawa lafiya. Siririn nan mai ƙaramin kai irin na iyafis, da ya wuce 'yan mitoci ya zama eriya. Kada ka shimfiɗa shi kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta; in dole sai sun haɗu, su gicciye juna. Don Allah kuma kada wani ya ba ka shawarar karya ƙafar ƙasa ta fulogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ka bar mai riƙe makirufo a hannun wuta.

Akwai abu ɗaya da manhaja ba ta da ta cewa a kansa sosai, wato sautin da ya fashe. Miksa tana fitar da sauti mai ƙarfi ƙwarai fiye da abin da ramin makirufo na kyamara ko laftof yake jira. In ma'aunin ƙarfin sauti na na'urarka ya bugi 0, saman muryar ya yanke ke nan, kamar gishirin da ya yi yawa a miya. Riƙe shi yana wasa tsakanin -12 da -6.

Sai maganar baki da murya. Nan kam sayen kaya ɓarnar kuɗi ce. Duba farkon bidiyon, duba ƙarshensa. In tazarar iri ɗaya ce, ja layin sautin kawai har su daidaita. In tana ƙaruwa, kamar yadda ka bayyana, to wayar ce. Wayoyi ba sa riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daram; haske ya ragu ko wayar ta yi zafi, sai ta rage, kuma kowa ya san yadda waya take yi a zafin Maris da Afrilu a Garwa ko Kusiri, lokacin da ake haura digiri 40. Laftof yana can yana ɗaukar sauti da nasa agogon, waya tana nan tana tsallake. Ko bambancin hoto 30 da 29.97 a daƙiƙa kaɗai, a awa ɗaya yana kai daƙiƙa 3.6. Sauke HandBrake, ita ma kyauta ce, saka bidiyon, zaɓi Constant Framerate don adadin hotuna a daƙiƙa ya tsaya daram, sannan ka shigar da sabon fayil ɗin wurin tacewa. Sautin kuma ka saba ɗaukarsa a saitin 48 kHz na na'urar ɗauka, shi ne na aikin bidiyo. Ka riƙa tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, da kuma bayan an shafa fatiha. In wuraren biyu sun daidaita, tsakiyar ma ta daidaita. Kada ka yi wannan awon da hedifon na Bluetooth, shi kansa yana jinkirta sauti, sai ya sa ka gyara abin da lafiyarsa ƙalau.

Tunda mun taɓo 50 ɗin nan, in wayarka tana ba da dama, mai da ita hoto 25 a daƙiƙa maimakon 30. Layukan da ke yawo a bidiyo a ƙarƙashin fitilun masallaci daga nan suke.

Da ni ne da kuɗin nan, rikoda mai batir zan fara saya, da kebul mai kyau, da hedifon mai waya. In sun saura, akwatin DI. Wa'azin da ka riga ka ɗauka kuwa, wuce da shi ta HandBrake, yanke ƙasa da 80, taɓa 100 da 150 kaɗan-kaɗan, ka bar ɗan ƙugin da ya rage matuƙar ana jin kowane harafi na malam. Kafin fita ta gaba ka goge kawunan kebul da ramukansu, ƙurar hunturu tana taruwa a ciki, ita ce take kawo ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji idan an taɓa kebul.