Hattara da mai sayar da "biren-bokis" ta waya: ya ci kuɗina sau biyu kan nozul ɗaya

Jama'a masu babur mai ƙafa huɗu da ƙananan motocin shiga daji, ku saurara, don abin da ya same ni ba na fatan ya sami ɗayanku.

Babur ɗina mai silinda biyu ne, mai nozul (abin da ke fesa fetur cikin injin), ba kafireta ba. Kwanakin baya ya fara shan mai kamar ana zubarwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, da safe kuma sai an sha wuya kafin ya tashi. Na kwance fulogi biyun. Na gaba fes yake, launin ƙasa-ƙasa. Na baya kuwa baƙi ƙirin, jiƙe da mai, in ka shafa sai kunkunniya ta kama maka yatsa. Na ɗauki hoto na sa a wani zauren masu irin waɗannan injuna a Facebook, ina neman shawara.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo ta bayan fage. Mutum mai ladabi, yana ta "ranka ya daɗe", da hotunan gareji da bidiyon injuna da saƙonnin godiya na waɗanda ya ce ya yi wa aiki. Bai tambaye ni komai ba, bai ce in auna komai ba. Daga hoton kaɗai ya yanke hukunci: biren-bokis, wato kwamfutar injin, ce ta rikice, kuma yana da wata 'yar na'ura da ake jonawa ta daidaita mai da iska. Sharaɗi dai a tura kuɗi tukuna.

Na tura. Na jona. Bayan kwana biyu fulogin gaban ma ya fara baƙi.

Da haushi ya ishe ni na sa sukundireba na ɓalle akwatin. Wallahi babu komai a ciki sai rezista (abin da ke rage gudun wutar lantarki) guda ɗaya, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar hatsi, an lulluɓe ta da gam, da 'yar fitila mai ƙyaftawa don ido ya gani ya yarda. A wayar sensar zafin iska ake jona ta. Ita wannan sensa, duk sanda iska ta yi sanyi turjiyar da take yi wa wuta hawa take yi, to rezistar sai ta sa kwamfutar injin ta zaci iskar ta fi yadda take sanyi, ta ƙara mai. Wato injin da mai ya riga ya yi wa yawa shi aka ƙara wa.

Da na yi masa magana ko gezau bai yi ba. Ya ce ai na'urar ta tona asirin nozul ne, sai an canza duka biyun. Na sake turawa, saboda raina bai so in yarda an cuce ni ba. Suka iso da tambarin Bosch a kwali, amma rubutun jikinsu na gogewa da farce, robar bakinsu kuma ta ƙi zama. Na kira, layi a kashe. Na duba, ya toshe ni.

Wani dattijon bakanike ne ya warware min cikin rabin yini. Abin da ya fara faɗa shi ne: "Yaro, abin da ke ciyar da silinda biyu ba zai zaɓi ɗaya ya cuta ba." Sensar zafin ruwa, sensar iska, matatar iska da ta toshe, ƙarfin famfon mai, duk na tarayya ne. In su ne suka lalace, fulogi biyun za su yi baƙi tare. In ɗaya ne kaɗai, a nemi abin da yake na silindar ita kaɗai: nozul ɗinta, wayar nozul ɗin, kwayil, fulogi, ko matsin fistin da bawul. Biren-bokis na iya ƙonewa ta ɓangare ɗaya ta bar nozul a buɗe, gaskiya ne, amma ita ce ta ƙarshe da ake zargi, kuma ba a gane ta daga hoto.

Ya cire akwatin ƙaryar, ya sa sababbin fulogi. Ya musanya kwayil, na gaba ya koma baya: babu canji. Ya auna matsi, biyun sun yi daidai. Ya sa mita a tsofaffin nozul ɗina, kowanne wajen om 12 a awon turjiya, lafiya lau ta ɓangaren wuta. Sai ya musanya su. Muka zaga na minti ashirin, muka kwance. Baƙin ya bar baya ya koma gaba. Ya zaro layin man da nozul ɗin a jiki, ya kunna makulli ba tare da tada injin ba, muna kallo ɗigo ya taru a bakin ɗayan, ya faɗo, wani ya sake taruwa. Datti ne ya hana allurar ciki rufewa. Shi ya sa yake wahalar tashi da safe, mai ya kwana yana tsiyaya a silinda.

Kada ku manta da baƙin mai. Ya zaro sandar awo ya miƙo min, warin fetur ya bugi hancina, man ya tsinke ya haura alama. Da na ci gaba da hawa a haka, ringi da biyarin ne za su tafi. Nan take muka juye shi, muka canza matatarsa da nozul ɗaya tak.

Mutumin yana nan, ya canza suna da hoto. Jiya na ga bidiyon garejin nan nasa a ƙarƙashin tambayar wani bawan Allah da ya sa hoton baƙin fulogi. Na kai ƙararsa ga masu kula da zauren, na kuma tura wa bawan Allahn hoton rezistar.