Hattara da Dillalin da Ke Tallar Tsofaffin Motocin Japan "Da Aka Sabunta"

Wata uku ke nan wata Nissan Skyline GT-R ƙirar R33 tana ɗage a kan jak a garejin da nake aikin gyaran jikin mota a nan Ingila. Ta wani ƙanena ce, ɗan unguwarmu tun daga gida, wanda ya shekara huɗu yana tara kuɗinta. Ranar da aka sauke ta, ya kira ni muryarsa har rawa take don murna: "Yaya, zo ka ga amarya." Na je. Fenti sai ɗaukar ido yake. Na ciro ɗan mayen ƙarfen da ba na rabuwa da shi a aljihu, na manna a gefen tayar baya, ya sulale ya faɗi ƙasa. Na sake mannawa, ya sake faɗuwa. Ƙarfe ba ya sakin mayen ƙarfe. Abin da ke ƙarƙashin wannan fentin fila ce, wato ƙullun da ake cike loɓawar jikin mota da shi, an lafta ta da kauri kamar yaɓen ɗaki.

Dillalin da ya sayar masa yana nan yana talla a Instagram da WhatsApp, kuma na ji ya fara bin 'yan uwanmu Hausawa da ke Amurka da Dubai, har da na gida. Shi ya sa na ga shiru ba nawa ba ne.

Da farashin gwanjo yake fara jan hankalin mutum, kuma alƙaluman da yake kawowa gaskiya ne, nan ne haɗarin yake. Toyota 2000GT, wadda guda 351 kacal aka ƙera tsakanin 1967 da 1970, an sayar da ɗaya sama da dala miliyan ɗaya a 2013, wata kuma ta haura dala miliyan 2.5 a 2022. Datsun 240Z ƙirar 1971 ta tashi a dala 310,000 a dandalin Bring a Trailer a farkon 2020. Ga kuma dokar Amurka da ta yarda a shigo da motar da ta cika shekara 25, wadda ta buɗe wa Skyline GT-R ƙirar R32 ƙofa a 2014, R34 kuma a 2024, farashi ya yi ta hawa. Sai ya ce maka yau ka saya, shekara biyu ka ninka kuɗinka. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, waccan 240Z ta kai wannan kuɗi ne saboda ba ta yi tafiya mai yawa ba kuma kusan komai nata na asali ne. Masu zuba irin wannan kuɗi tarihi suke saya, da takardu, da ƙarfen da bai taɓa ganin walda ba.

A manyan gidajen gwanjo na Japan, irin su USS da TAA, ba kowa ke shiga ya yi tayi ba, sai dillalai masu rajista. Kowace mota kuma sai mai dubawa ya rubuta mata takarda. Yakan ba ta maki: 5, 4.5, 4, 3.5, haka har ƙasa. Idan ta taɓa haɗarin da ya kai ga ƙashin motar aka gyara, sai a sa mata R ko RA. A jikin zanen motar ana sa haruffa: A na ƙarzuwa, U na loɓawa, W na wurin da aka gyara fenti ya yi tudu da kwari, S da C na tsatsa, XX na ɓangaren da aka sauya. Idan an taɓa mitar tafiya, ana sa alamar tauraro kusa da adadin kilomita.

Takardar da aka turo wa ƙanena hoto ce ta WhatsApp, dishi-dishi, da 4 a kusurwar sama, an kuma rufe ƙarshen lambar shasi wai don kada wani ya riga shi. Bayan mota ta iso muka kwafi lambar daga jikinta, muka biya 'yan kuɗi kaɗan aka nemo mana takardar asali daga rumbun gwanjo. R ce. Gefen baya na hagu XX, ga C a wurare uku. An goge harafi ɗaya da kwamfuta, an ci kuɗin mutum na shekara huɗu.

Mita ma haka. Allonta na nuna kilomita dubu 68. Amma a Japan akwai binciken lafiyar mota na dole da suke kira shaken, duk shekara biyu, kuma ana rubuta kilomita a lokacin. Takardar fitar da mota daga ƙasar tana ɗauke da adadin kilomitan da aka rubuta a bincike biyu na ƙarshe. Tasa, da muka matsa aka kawo, ta nuna motar ta wuce dubu 140 tun kafin a yi gwanjonta.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai, a matsayina na mai wannan sana'a, shi ne kalmar "an sabunta ta". Na buɗe bonet na danna kan mazaunin shokozoba da babban yatsa, wurin da R33 da R34 suka yi ƙaurin suna wajen tsatsa, domin ƙarfe biyu ne aka haɗa, ruwa na shiga tsakaninsu yana ci daga ciki. Fentin wurin ya kumbura kamar ƙurji. Na sa sukundireba, ta shige. A ƙasan motar an fesa baƙin kwalta mai kauri, sabo fil, har kan kusoshi da bututun birki. Wanda ya yi aikin gaskiya ba ya fesa wa bututun birki kwalta. Mai gaggawar ɓoye abu ne ke yin haka. Da na kankare, ƙarfen ya riƙa zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Ƙanena yana tsaye a bayana bai ce uffan ba, sai da na juyo na ga ya zauna a kan taya ya dafe kai.

Sabunta mota na gaskiya sananne ne. Ana kwance ta ne har ƙashi, a cire fenti, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a dasa sabo, a auna shasi. Nismo, reshen Nissan, ya fara irin wannan aiki ga GT-R a 2020, kuma kuɗin da aka ambata ya kai wajen yen miliyan 45. Ba na cewa kowane aiki mai kyau sai ya kai haka. Amma duk wanda ya yi aikin ƙwarai yana da hotuna ɗaruruwa na motar tsirara, da rasitan kayan gyara, kuma da alfahari zai nuna maka. Wannan dillali hoton fenti kawai yake da shi.

Akwai kuma ungulu da kan zabo. Ana ɗaukar Skyline GT-T, wadda ba ta kai GT-R daraja ba, a sa mata fuska da fiffike da tambarin GT-R. Lambar shasi ce ke tona asiri: GT-R ta gaske tana farawa da BNR32, BCNR33 ko BNR34, injinta RB26DETT, idan ka ga ER34, ba ita ba ce. Haka Toyota Supra: mai injin 2JZ-GE da aka ɗaura wa turbo daga baya ba ɗaya take da 2JZ-GTE ta asali ba. Tsohuwar Skyline da ake kira Hakosuka kuwa, kwaikwayonta ya cika kasuwa.

Ku da ke gida Najeriya, ku ƙara kula. Waɗannan GT-R duk sitiyarinsu a dama yake, doka kuma ta hana irinsu hawa titi, ga kwastam da ta kayyade shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, waɗannan kuwa sun wuce iyakar nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai kawo maka ita har ƙofar gida a Kano ko Abuja, ka tambaye shi ta wace hanya.

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka karɓi cikakkiyar lambar shasi, ka nemo takardar gwanjo da kanka, ba wadda ya turo ba. Ka ga takardar fitarwa. Ka biya mai dubawa na daban a Japan ya ɗaga motar ya auna kaurin fenti. Ka duba ko kamfanin yana cikin ƙungiyar masu fitar da motoci ta JUMVEA, kuma kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya da sunansa bai yi daidai da na kamfani ba. Ƙanena asusun mutum ya tura wa, a kashi biyu, domin an ce masa wani Ba'amurke na jira da kuɗi a hannu.

Da muka tura wa dillalin takardar asali, sai ya toshe lambobinmu. Makon jiya wani abokina ya turo mini sabon shafi da sabon suna. Hotunan motar ƙanena ne a kai, da fentinta mai ɗaukar ido, an rubuta ana sayarwa, alhali ga ta nan a gabana na yanke mata gefe guda.